Idan Harbi Ɗaya Ya Shaƙe Numfashi

Mai cire zuma da ya daɗe a sana'a kan hau bishiya da dare da hayaƙi a hannu, ya sha harbi goma a bakin amya, ya sauko ya ci tuwonsa lafiya lau. Maƙwabcinsa kuwa ƙudan zuma ɗaya tak ya harbe shi a hannu yana sharar gona, kafin minti goma leɓɓansa sun kumbura, murya ta dashe, numfashi yana fita da ƙyar. Dafin iri ɗaya ne ya shiga jikinsu. Abin da ya bambanta su shi ne yadda garkuwar jikin kowannensu ta karɓe shi.

A jikin wasu mutane, harbin farko yakan sa garkuwar jiki ta ɗauki dafin a matsayin babban maƙiyi. Sai ta ƙera wasu sinadaran kariya da likitoci ke kira IgE, su manne a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke fata da huhu da hanji, su zauna jira. Ranar da aka sake harbin mutum, waɗannan ƙwayoyin sai su zubo histamin da danginsa cikin jini gaba ɗaya. Jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu zuwa nama, bugun jini ya faɗi, maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska su tsuke. Wannan shi ne anafilaksis. Masanan Faransa biyu, Charles Richet da Paul Portier, su suka bayyana shi a 1902, bayan sun ga karen da ya jure dafin wata halittar teku a karon farko ya mutu da aka sake ba shi ɗan kaɗan bayan 'yan makonni. Richet ya samu kyautar Nobel a 1913 a kan wannan aiki.

Saboda haka maganar nan ta "ai an sha harbina ban ji komai ba" ba ta isa kwanciyar hankali ba. Masu kiwon zuma da iyalansu ma suna cikin waɗanda abin ya fi samu, don su ne aka fi harbi. A Amurka, cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ƙirga mutum 1,109 da harbin zuma da rina da danginsu ya kashe tsakanin 2000 da 2017, wato kimanin 62 a shekara, kusan kashi 80 cikin ɗari maza ne. Can ke nan, inda motar asibiti ke zuwa ƙofar gida. Mu kuma ƙudan zumanmu na Afirka ta Yamma an san shi da zafin rai, ga gona nesa da gari.

Yawancin harbi dai ba ya wuce zafi da ƙaiƙayi da kumburi a wurin. Ƙudan zuma yakan bar ƙarinsa a fata, da 'yar jakar dafi tana ci gaba da tura dafin, don haka a cire shi nan take. An daɗe ana cewa a kankare shi kawai, kada a kama da yatsu, amma binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 1996 ya nuna sauri ya fi salon cirewar muhimmanci. Da farce ko da yatsu, a dai fitar da shi. Rina da zanzaro ba sa barin ƙari, suna iya maimaita harbi. A bar wurin da sauri, domin ƙarin zuma yana fitar da wani wari mai kiran 'yan'uwansa. A wanke da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a cire zobe ko awarwaro kafin hannu ya kumbura. Ko da hannun ya yi suntum kwana biyu, wannan ba shi ne abin tsoro ba, sai fa idan a cikin baki ko maƙogwaro aka yi harbin, wanda ke buƙatar asibiti kai tsaye.

Abin tsoron shi ne alamar da ta bayyana nesa da inda aka harba: borin jini a duk jiki, kumburin harshe ko leɓe ko fatar ido, dashewar murya, wahalar haɗiyar yawu, numfashi mai fito, murɗawar ciki da amai, jiri, gumi mai sanyi, suma. Yawanci cikin rabin awa suke zuwa, wani lokacin ma fata ba ta nuna komai, mutum ya yanke jiki kawai.

A nan ne ake asarar mintuna masu tsada. Wani ya ruga ɗebo manja, wani madara, a tallafo kan wanda ba ya iya haɗiya a ɗura masa, ruwan ya bi ta hanyar iska. Wani ya aika yaro kemis ya sayo Piriton. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau: Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga bugun jini. Allurar haidirokotizon kuma sai bayan sa'o'i take fara aiki, shi ya sa majalisar farfaɗo da marasa lafiya ta Birtaniya ta cire ta daga matakin farko a ƙa'idojinta na 2021. Maganin da ke ceto shi ne adirenalin, a tsokar gefen cinya ta waje. Ma'aikacin lafiya kan ba babba rabin miligiram, yara ƙasa da haka gwargwadon shekaru, a maimaita bayan minti biyar idan babu sauƙi.

Kafin a kai ga allurar, yadda aka ajiye marar lafiya ma magani ne. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa ya zauna ya miƙe ƙafafu, mai ciki kuma ta kwanta a gefen hagu. Kada a tsayar da shi, kada a ce "daure ka taka zuwa bakin titi," ko da ya ce ya ji sauƙi, domin an samu waɗanda zuciyarsu ta tsaya daidai lokacin da aka miƙar da su, jini bai isa ya komo mata ba. A ɗauke shi a kwance, a kira 112 inda layin ke aiki. Bayan allura ma a zauna asibiti sa'o'i, saboda abin yakan dawo karo na biyu. Wanda taron zuma ya yi wa rubdugu kuwa, ko ba ya da wannan larura, yawan dafin kaɗai na iya taɓa ƙoda, kuma fitsari mai duhu alamar haka ce.

A Turai da Amurka wanda abin ya taɓa kamawa yakan yi yawo da allurar da mutum ke yi wa kansa, irin su EpiPen. A wurinmu tana da tsada da wuyar samu. Amma adirenalin na 'yar kwalba ba shi da tsada, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, don haka babu uzurin da zai sa ƙaramin asibiti ya rasa shi. Shugaban makarantar kwana, da malamin tsangaya, da shugaban ƙungiyar masu kiwon zuma, kowa ya kamata ya taka zuwa asibitin da ya fi kusa tun ana lafiya, ya tambaya: kuna da adirenalin? Wa zai yi allurar da dare? A duba ranar lalacewarsa, a ɓoye shi daga rana da zafi, idan ruwan ya sauya launi a canza shi. Wanda kuma ya taɓa tsira daga irin wannan ya faɗa wa iyalinsa da abokan aikin gona, ya rubuta a 'yar takarda ya sa a aljihu, sannan ya ga likita su tsara abin da za a yi idan an sake harbinsa.