Garin Wida: Bautar Vodun da Cimar Mutanensa

Wida ƙaramin gari ne a kudancin Jamhuriyar Benin, wadda a da a ke kira Dahome, kimanin mil 25 yamma da Kwatano. Sarkin Dahome Agaja ya ci ƙasar da yaƙi a 1727, garin kuma ya ci gaba da zama babbar tashar fitar da bayi. Cikin waɗanda aka ƙetarar zuwa Bahiya ta ƙasar Brazil har da Hausawa, kuma bayan tawayen bayi Musulmi na 1835 waɗansu 'yantattu sun komo wannan gaɓa. Amma abin da ya fi jawo baƙo a yau shi ne Vodun, watau addinin gargajiya na Fon da maƙwabtansu, wanda hukuma ta amince da shi a 1996, a ke kuma yi masa biki kowane watan Janairu.

Malamin da ya san bori ba zai sha wuyar fahimta ba, ko da ya ke bai kamata ya gaggauta cewa abu guda ne ba. Vodun suna da yawa, kowanne da aikinsa: Hebiyoso na aradu, Sakpata na ƙasa da ciwon agana, Legba mai tsaron ƙofa da mararraba. Suna hawa kan mabiyansu kamar yadda iskoki ke yi, sai dai inda Bahaushe ya ce doki ko goɗiya, su vodunsi su kan ce, watau matar vodun, ko da namiji ne. Nasu kuma yana da ɗakunan ibada tsayayyu. Mafi shahara shi ne na Dangbe, inda a ke kiwon ƙananan mesa marasa dafi, yana fuskantar babban cocin Katolika, hanya ce kawai ta raba su.

Ga ra'ayinmu, wanda ya kalli rawa bai lura da akushi ba ya bar rabin darasi, gama abin da mutum ke ci shi a ke miƙa wa vodun. Masara da manja su ne ginshiƙi. Da masara a ke yin akasa, mai kama da agidi, da kuma amiwo, wani jan tuwo da a ke tuƙawa cikin romon kaza da tumatir. A bakin ƙofar gida kuwa mutum zai ga gunkin Legba an barbaɗa masa garin masara kwaɓe da manja, wani lokaci an tsiyaya masa sodabi, barasar da a ke tacewa daga bammi. Sa'an nan kowane vodun yana da abin da ya haramta wa mabiyansa. Saboda haka in mai masauki ya ƙi taɓa wani nama da ya sa aka dafa wa baƙonsa, sau da yawa ba ƙyama ba ce, dokar vodun ɗinsa ce, kuma ladabi ne kada a matsa masa da tambaya.