Mota Mai Bokiti da Aikin Saman Falwaya

Iskar farkon damina ba ta barin wayoyin lantarki su zauna lafiya. Reshen darbejiya ya karyo ya kwanta a kan layi, waya ta tsinke, unguwa ta kwana a duhu. Gari na wayewa sai ga 'yan NEPA, kamar yadda har yau muke kiransu ko da yake an sauya sunan tun 2005, sun sauke dogon tsani daga bayan a-kori-kura sun jingina shi da falwaya. Ɗaya ya riƙe gindin tsanin, ɗaya ya hau da filaya a aljihu. Mun saba da wannan har ba ma ganin kasadar da ke ciki: mutum ne a tsayin mita tara ko goma, yana aiki da hannu ɗaya saboda ɗayan na riƙe da ransa, kuma falwayar da ya dogara da ita wataƙila ita ce iskar ta girgiza jiya.

Maganin wannan kasada shi ne mota mai bokiti. Babbar mota ce da aka ɗora wa dogon hannu mai gaɓoɓi, wani yana naɗewa, wani yana zugewa, a ƙarshensa akwai bokitin da mutum ɗaya ko biyu ke tsayawa a ciki da kayan aikinsu. Injin motar ne ke juya famfon da ke tura man haidirolik cikin hannun, ya ɗaga shi, ya juya shi hagu da dama. Kafin a ɗaga komai sai an sauke ƙafafun ƙarfe a gefe da gefe sun dafe ƙasa, domin nauyin da ya yi nisa da tsakiyar mota yana iya kifar da ita. Na cikin bokiti yana da abin sarrafawa a gabansa, na ƙasa ma yana da nasa, kuma na ƙasan ne ke rinjaye, don in wani abu ya sami na sama a iya sauko da shi. Waɗanda aka fi amfani da su a gari suna kai mita goma zuwa ashirin.

Asalin motar daga gonar 'ya'yan itace ne. A 1944 wani Ba'amurke mai suna Jay Eitel, wanda hawa da saukar tsani wajen tsinkar 'ya'yan ceri ya gundura, ya ƙera wata na'ura mai ɗaga mutum a cikin bokiti. A 1953 ya kafa kamfanin Telsta, kamfanonin tarho na Amurka suka rungumi abin wajen ɗaura wayoyinsu. Daga baya ne masu lantarki da 'yan kwana-kwana suka shigo.

Ga masu lantarki, tsayin da motar ke kaiwa ba shi ne babban amfaninta ba. Wuta ba ta kashe mutum sai ta sami hanyar bi ta jikinsa ta wuce, galibi zuwa ƙasa. Shi ya sa tsuntsu ke sauka a kan babban layi ya tashi lafiya lau. Motar da aka ƙera don aikin lantarki, sashen hannunta na sama da bokitin kansa da faiba ake yinsu, abin da wuta ba ta bi. Bututun man da ke cikin hannun babu ƙarfe a jikinsu. An raba ma'aikaci da ƙasa ke nan. Idan ya ƙara da safar hannu ta roba wadda aka gwada ƙarfinta, ya kuma rufe wayoyin da ke kusa da shi da bargunan roba, yana iya canja kwalbar riƙe waya da ta fashe a kan falwaya, ko ya ɗaure wayar da ta saki, alhali wuta na gudana a layin.

Darajar wannan tana bayyana ne in aka duba yadda wuta ke zuwa mana. Kamfanin TCN ne ke jigilarta a manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 330 da 132. Daga nan kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya da aka fara miƙa wa 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, irin su KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, su ɗauke ta a layin kilobolt 33 da layin 11 zuwa taransifomomin unguwanni. Layin 11 guda ɗaya yana ɗauke da taransifoma da dama. In babu kayan aiki a kan wuta mai rai, gyaran kwalba ɗaya sai an kashe layin, kuma da shi ake kashe injin markaɗe, da firjin mai ƙanƙara, da famfon burtsatsen asibiti. Tun Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗi bisa alƙawarin wutar sa'o'i ashirin a rana, kowace sa'ar da aka kashe layi don gyara ta zama abin lissafi.

A ɓangaren sadarwa aikin motar ya fi sauƙi. Dogayen turakun sabis sun fi ƙarfin motar da aka saba gani, masu hawa da igiya ne ke yinsu. Amma ɗaura wayar intanet daga falwaya zuwa falwaya, da gyaran kyamarorin tsaro da danjar kan titi, duk aikinta ne. Haka fitilun titi masu aiki da hasken rana da suka cika biranenmu. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun mutu, ƙurar hunturu ce ta lulluɓe farantin, ko batir ne ya gaji, kuma babu mai hawa ya duba domin turken siriri ne, ba ya son tsani. Ina ganin duk hukumar da ta ba da kwangilar fitilu ba ta yi tanadin abin hawa gyaransu ba, ta sayi duhun baɗi ne da kuɗin bana. Akwai ma wata iri da hannunta ke lanƙwasawa ƙasa daga kan gada, ta zura injiniya ya leƙa cikin gadar ya ga inda ya tsage.

Sai dai motar ba laya ba ce. Faiba tana tare wuta ne muddin tana da tsabta kuma a bushe. Ƙura ta kwanta a jikin hannun, maiƙo ya riƙe ta, raɓa ko yayyafi ya jiƙa ta, to an shimfiɗa wa wuta hanya. Don haka ake goge hannun, ake kuma gwada shi da wuta mai ƙarfi aƙalla sau ɗaya a shekara bisa ƙa'idar Amurka, inda aka fi ƙera irinsu. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da yawancin manyan motocinmu na hannu ne. Mai saye ya sani cewa motar da aka ƙera don kamfanin tarho sau da yawa hannunta ƙarfe ne zalla, ko da bokitin ya yi kama da na masu lantarki. Kuma ko mai faibar ce, ba ta kare wanda ya taɓa waya biyu lokaci guda, ba ta kare na ƙasa da ya jingina da motar idan ƙarfen hannun na ƙasa ya gogi layi. Iska ma tana da iyaka, galibi kimanin kilomita 45 a sa'a, in ta wuce haka sai a sauko. Ƙasa mai laushi bayan ruwa, ko murfin kwalbati, ba wurin dafa ƙafar mota ba ne sai an shimfiɗa katako mai kauri.

Akwai haɗarin da mu masu gidaje ke jawowa da hannunmu. Wanda ya haɗa janareta ko sola da wayar gidansa ba tare da makunnin da ke raba su da layin waje ba, yana mayar da wuta cikin layin da ma'aikaci ya ɗauka a kashe yake, taransifoma kuma tana iya ɗaga ƙarfinta a hanyar komawa. Shi ya sa ƙwararre ba ya taɓa waya sai ya gwada ta, ya kuma haɗa ta da ƙasa ta ɓangarorin biyu na inda zai yi aiki.

Sannan ga lunguna. A cikin birnin Kano ko Zazzau ko Katsina akwai falwayoyin da ko keke-napep ba ya kaiwa gindinsu, balle motar da ke buƙatar filin buɗe ƙafafu. A sababbin unguwanni ma rumfuna da shaguna sun cinye bakin hanya, wasu har a ƙarƙashin layin 33. A irin waɗannan wurare tsani zai ci gaba da aiki, sai dai ya zama na faiba ko busasshen katako, a ɗaure kansa da falwaya, mai hawa ya sa bel ɗin da ke riƙe shi in ƙafa ta zame, a kuma duba gindin falwayar kafin a hau.