Allon da Ake Tsara Surar Ɗan Wasa

A wasannin kwamfuta da na waya, akan ba mai wasa damar ƙera surar da za ta wakilce shi, ya zaɓi launin fata da aski da tufafi. A bayan shafin da yake yin wannan zaɓi akwai allon sarrafawa da mai wasa ba ya gani. A nan ne mai ƙera manhajar yake yanke abin da za a nuna da abin da za a ɓoye.

Ƙananan kamfanoni ba kasafai suke gina irin wannan na'ura da kansu ba, don aikin yana cin kuɗi da lokaci, sai su yi aron ta wani. Sanannen misali shi ne Ready Player Me na birnin Tallinn a Estoniya, wanda ya fara a 2014 da sunan Wolf3D, allonsa kuma ana kiransa Studio.

Kafin a rufe Studio, farkon aiki ba wuya. Mai ƙerawa zai buɗe asusu, ya yi wa manhajarsa rajista, a ba shi adireshin intanet na musamman da lambar shaida. Da su zai haɗa allon da injin gina wasa, kamar Unity ko Unreal. Daga nan ya zaɓi cikakken jiki ko rabi, da harshen shafin, da ko za a yarda a zana sura daga hoton fuskar mutum.

Inda hankali ya fi amfani shi ne tufafi da nauyin fayil. Kayan da ke zuwa da allon galibi wando ne da riga irin na Turai. Mai yi wa Hausawa wasa sai ya zana hula da babbar riga da mayafi da kansa ya ɗora, in ba haka ba 'yan wasansa ba za su ga kamanninsu ba. Surar kuma tana sauka ne a fayil nau'in GLB, kuma yawan ƙawa yana ƙara mata nauyi. A waya mai ƙaramin ƙarfi wasan sai ya riƙa sarƙewa, data ta ƙare da wuri, don haka rage girman zane ya fi ƙarin ado muhimmanci.

Aro yana da nasa haɗari. A Disamba 2025 Netflix ya sayi Ready Player Me, aka sanar da rufe hidimarsa ga kamfanonin waje. Don haka wajibi ne mai ƙera wasa ya adana asalin zanen kayansa a hannunsa tun ranar farko.