Darasi na 14: Tace Iskar Ɗaki Don Rage Murar Ƙura da Bununi

Ya kai ɗalibi, in kana zaune a Bulumkutu, ko a wata unguwa ta birnin Maiduguri, ba sai an kwatanta maka hunturu ba. Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, busasshiyar iska mai sanyi takan buso daga arewa maso gabas, sararin sama ya yi fari fat da hazo. A share ɗaki da safe, kafin azahar ƙura ta sake kwantawa a kan tebur da littattafai. Wani lokaci hazon yakan yi kauri har jirage su kasa sauka a filin jirgin saman da ke kusa da unguwar. A irin wannan lokaci za ka ga wasu 'yan ajinku suna ta atishawa ba ƙaƙƙautawa, idanunsu sun yi ja, hancinsu yana yoyo. Wasu kuwa ba su shiga wannan hali sai a ƙarshen damina da farkon kaka, lokacin da gero da dawa da ciyayi suke zubar da bununi.

Mai wannan larura ba ya samun isasshen barci da dare, da rana kuma ya yi ta gyangyaɗi a aji. In yana da asma, tana iya tashi. A wannan darasi za ka koyi abin da yake jawo larurar, da yadda tace iskar ɗaki take rage ta.

Mura iri biyu

Murar da kowa ya sani ƙwayar cuta ce take kawo ta. Ana ɗaukar ta daga wani, takan zo da ciwon jiki ko ɗan zazzaɓi, kuma takan wuce cikin mako guda ko kwana goma.

Akwai kuma wata wadda za mu kira murar ƙura da bununi. Wannan ba a ɗaukar ta daga kowa. Alamominta su ne atishawa a jere, da ƙaiƙayin hanci da ido da maƙogwaro, da majina mai tsinkewa kamar ruwa, da toshewar hanci. Muddin abin da yake tayar da ita yana cikin iska, ita ma tana nan, ko da za a yi wata uku.

Ga yadda take faruwa. Jikin ɗan Adam yana da garkuwa, wadda aikinta shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin wasu mutane garkuwar takan yi kuskure, ta ɗauki bununi a matsayin abokin gaba alhali ba shi da wata illa. Da zarar ya sauka a fatar cikin hanci, sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne yake kumbura cikin hanci, ya kawo ƙaiƙayi da hawaye da atishawa. Larurar takan bi jini, shi ya sa za ka tarar da uwa da 'ya'yanta duk suna fama da ita.

An daɗe ba a gane sanadinta ba. A shekarar 1819 wani likita a Landan, John Bostock, ya yi bayanin alamominta kamar yadda yake jin su a jikinsa kowace shekara. Mutanen Ingila suka riƙa kiran ta da sunan da yake nufin zazzaɓin ingirici, domin takan tashi lokacin yankan ciyawa. Sai a 1873 wani likita a Mancesta, Charles Blackley, ya tabbatar da cewa bununi ne sanadi. Ya riƙa sa bununin tsirrai iri-iri a hancinsa yana lura da abin da zai biyo baya.

Me yake cikin iskar Bulumkutu?

Da yawa daga ƙurar hunturu daga ƙasar Chadi take tasowa. A arewacin ƙasar akwai wani faffaɗan kwari mai suna Bodele, fiye da kilomita 700 daga Maiduguri. Shekaru dubbai da suka wuce, wurin yana ƙarƙashin ruwan Tafkin Chadi, lokacin da tafkin ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yo kudu maso yamma da shi. Masana suna lissafa Bodele cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya.

Ita ƙurar ƙasa tana karce fatar cikin hanci da maƙogwaro, kuma busasshiyar iska tana ƙara tsananta abin. Bayan haka takan ɗebo bununi da irin fumfuna da ɓurɓushin kashin dabbobi a kan hanyarta.

Game da bununi kuwa, ka lura da wani abu. Tsirran da ƙudan zuma da sauran ƙwari suke yi wa barbara, bununinsu yana da nauyi da danƙo, ba ya yawo sosai. Waɗanda iska take yi wa barbara, kamar gero da dawa da masara da gamba, su ne suke sakin bununi mai yawan gaske marar nauyi. Shi ne ya fi damun masu wannan larura.

A cikin gida ma akwai abubuwan da suke gurɓata iska: hayaƙin itace da gawayi, hayaƙin maganin sauro, turaren wutan da aka san Maiduguri da shi, kashin kyankyaso, da ƙurar da take maƙalewa a katifa da darduma da labule.

Yaya girmansu yake?

Ana auna waɗannan abubuwa da ma'aunin da ake kira maikiron. In aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane gida shi ne maikiron ɗaya. Kaurin silin gashin kanka ya kai kimanin maikiron 70. Yawancin bununi yana tsakanin maikiron 10 da 100. Ƙurar hazo da hayaƙi kuwa suna ɗauke da ɓurɓushin da bai kai maikiron 2.5 ba. Manyan sukan tsaya a hanci, ƙananan su zarce har cikin huhu. Ramukan ragar sauro sun fi milimita ɗaya faɗi. Ka ga ke nan ragar da take tare sauro ba za ta tare bununi ba, balle hazo.

Yadda na'urar tace iska take aiki

Ka taɓa ganin yadda ake tace gasarar koko? Ana zuba ƙullu a ƙyallen tata, ruwan ya wuce, dusa ta tsaya. Haka na'urar tace iska take yi. Abu biyu ne a cikinta: fanka da matata. Fanka tana zuƙo iskar ɗaki, ta tura ta cikin matata, iska mai tsabta ta fito ta ɗaya gefen.

Matatar da ta fi inganci ita ce wadda ake kira HEPA. An ƙirƙiro ta a Amurka a shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don kare ma'aikatan da suke aiki da sinadarai masu haɗari. Shimfiɗa ce ta siraran zaruruwa da suka sarƙe da juna, an nannaɗe ta ninki-ninki don ta sami faɗi. Babban ɓurɓushi yakan yi karo da zare ya tsaya. Matsakaici yakan gogi zare ya manne. Mafi ƙanƙanta kuwa ba ya tafiya a miƙe, yakan yi ta kai-kawo har ya faɗa a kan zare. Matatar HEPA ta gaskiya tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ɓurɓushin da girmansa ya kai maikiron 0.3. Bununi ya fi haka girma nesa ba kusa ba, don haka ba ya tsere mata.

Sai dai na'urar tana kama abin da yake yawo a iska ne kawai. Bununi ba ya daɗewa a sama, yakan sauka a gado da ƙasa da tufafi. Wanda ya riga ya sauka, sai tsumma da wanki.

Zaɓen na'ura da kula da ita

Dole ƙarfin na'ura ya dace da girman ɗaki. A jikin kwalinta akan rubuta yawan iskar da take tacewa cikin awa guda. Bari mu yi lissafi. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, da bisan mita 3 yana ɗauke da iska mita kubik 36, wato 4 sau 3 sau 3. Ana so na'ura ta juya iskar ɗaki kamar sau biyar a awa. Sau biyar na 36 shi ne 180. Saboda haka wannan ɗaki yana bukatar na'urar da take tace aƙalla mita kubik 180 a awa.

In na'ura ɗaya ce a gida, ɗakin kwana ya fi cancanta, domin a nan mutum yake shafe awa bakwai ko takwas a jere. A ajiye ta kusa da gado, kada a manna ta da bango ko labule. A rufe ƙofa da taga yayin da take aiki, in ba haka ba ta zama mai ɗiban ruwa da rariya. Wutar da take ci ba ta fi ta fanka ba sosai, don haka ƙaramar sola tana iya ɗaukar ta in an ɗauke wuta. A lokacin hazo matata takan cika da wuri. A riƙa duba ta, in ta yi dauɗa a sauya. Yawancin matatun HEPA ba a wanke su, ruwa yana lalata zaruruwan.

Akwai kuma ta haɗin gida. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, sun fito da dabarar haɗa matatu huɗu masu siffar allo su zama akwati, a toshe ƙasa da kwali, a ɗora fanka a sama, a liƙe duk wata kafa da salatif. Makarantu da yawa sun yi amfani da ita domin arharta.

In babu na'ura fa?

Ba kowane gida ne yake da halin sayen na'ura ba, amma kowane gida yana iya rage ƙura. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a fara shiri tun watan Oktoba.

1. A toshe kafofin taga da ƙarƙashin ƙofa da tsumma ko soso.
2. A rufe tagogin da suke fuskantar arewa da gabas ranar da hazo ya yi kauri. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya takan yi gargaɗin hazo, ana kuma jin sa a rediyo.
3. A rataya jiƙaƙƙen labule mai kauri a taga. Yana kama manyan ɓurɓushi, yana kuma rage bushewar iska, amma ƙananan sukan wuce.
4. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. Kakkaɓa tana mayar da ƙura sama ne kawai. Mai larurar ya fita waje har a gama.
5. A wanke zanen gado da rigar matashi kowane mako, a naɗe darduma mai gashi har hunturu ya wuce.
6. Wanda ya dawo daga gona ko kasuwa ya sauya tufafi, ya wanke fuska da hanci kafin ya kwanta.
7. A rage turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi a ɗakin mai larurar, a koma ga gidan sauro.

Gargaɗi

Ka riƙe wannan da kyau. Matata tana kama ɓurɓushi, amma ba ta kama iskar guba. Gawayi da janareto suna fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda take kashe mutum yana barci. Kada a taɓa kunna gawayi don jin ɗumi a rufaffen ɗaki, kada kuma a tayar da janareto a cikin gida ko a bakin taga. Haka nan ɗakin da mutane da yawa suke kwana yana bukatar sabuwar iska. In hazo ya lafa, a buɗe tagogi iska ta ratsa.

Tace iska tana rage wahala, amma ba ta raba mutum da larurar. Akwai magungunan da suke danne histamin, da na fesawa a hanci. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi wanda ya dace, domin wasu suna sa barci. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba su da amfani a nan. In ka ga numfashin wani yana fito, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko ya kasa magana saboda haki, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Wanda larurar ta daɗe tana damu, yana iya ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Rigakafi dai ya fi magani.

Ma'anar sababbin kalmomi

bununi: garin da yake fita daga furen hatsi da ciyawa
hazo: ƙurar da take rufe sararin sama da hunturu
ingirici: ciyawar da aka yanka aka busar don dabbobi
fumfuna: abin da yake tsirowa a kan abinci ko bango mai danshi
ɓurɓushi: guntaye ƙanana ƙwarai
matata: abin da ake tacewa da shi
lafa: ragu, yi sauƙi

Tambayoyi

1. Kawo bambanci uku tsakanin murar da aka sani da murar ƙura da bununi.
2. Wane aiki histamin yake yi a cikin hanci?
3. Daga ina yawancin ƙurar hunturu take tasowa?
4. Don me ragar sauro ba ta tare bununi?
5. Me ya sa bai kamata a kunna gawayi a rufaffen ɗaki ba?
6. Bayyana ma'anar karin maganar nan: ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin yi

(a) Auna tsawo da faɗi da bisan ajinku, ka lissafa yawan iskar da na'ura za ta tace a awa guda don ta wadaci ajin.
(b) Shafa man kaɗanya a kan fararen takardu biyu. Ajiye ɗaya kusa da buɗaɗɗiyar taga, ɗaya a ɗakin da aka rufe. Bayan kwana biyu, rubuta jimloli biyar a kan abin da ka gani.