Yawan Kumfa Ba Shi Ne Wankin Mota Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a zukatan masu mota da masu wanke ta, daga Sakkwato har Maiduguri: wai in ana son mota ta fita fes, omo ne maganinta. A zuba shi a bokiti, a kaɗa ya tashi, a samo soso ko tsohuwar singileti a dirje jiki da taya da gilashi, har da kujeru in ta kama. Idan kumfar ba ta yi tozo ba, sai ka ji mai mota yana ce wa yaron wanki, "Kai, ƙara omo mana, wannan ai ruwa ne zalla." Ina da ja a kan wannan magana. Amma kafin in faɗi dalilina, sai na ba masu ita haƙƙinsu, domin ba da ka suka yi ta ba.

Omo yana cire maiƙo da dauɗa, babu mai musun wannan. Yana da araha, kuma duk lungun da ka shiga za ka samu ƙullinsa a teburin mai kayan masarufi, alhali sabulun da aka yi musamman don mota sai an shiga babban kanti. Sannan al'adar tana da tushe. Iyayenmu da suka riƙe Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, yawancin motocin zamaninsu fentinsu shafi ɗaya ne, launin ya ratsa shi daga sama har ƙasa. In ya dushe, sai a sa folish a goge, sabon launi ya leƙo daga ƙarƙashi. Abin da suka koya mana ya dace da motar da ke hannunsu. Motar ce ta canza, mu kuwa hannunmu bai canza ba.

Daga shekarun 1980 zuwa yau, masu ƙera motoci sun koma fenti hawa-hawa. Akwai shafin farko da ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai launin kansa, sai kuma wani shafi na sama wanda ba shi da launi, garau yake kamar ruwa. Duk ƙyallin da kake gani a jikin Corolla ko Golf ko Sharon daga wannan shafi na sama yake fitowa, kuma shi ne yake tare wa launin zafin rana. Kaurinsa bai wuce milimita 0.04 zuwa 0.05 ba, wato wajen rabin kaurin takardar rubutu. Duk abin da aka kankare daga jikinsa ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Idan ka ga rufin mota ko bonet ɗinta ya yi fari-fari yana saɓulewa, wannan shafin ne ya mutu, kuma daga nan babu sauran magani sai wurin mai fenti.

Ba zan ce omo yana narkar da fenti ba, don ba haka abin yake ba, kuma wanki ɗaya ba ya kashe mota. Ɓarnarsa a hankali take zuwa. Garin wanki yana ɗauke da sinadari ɗan uwan kanwa, wanda aka sa domin ya fasa maiƙon da ya kama zare. A ma'aunin da masana ke auna tsami da kaifin kanwa, ruwa zalla yana kan 7, ruwan omo kuwa yakan kai 10 ko 11, kuma kowane hawa ɗaya ninki goma ne. Wannan ƙarfi shi ne yake wanke man folish da ke kare fentin, ya bar shi tsirara a gaban rana. Shi ne kuma yake tsotse laushin robar da ke bakin gilashi da ta waifa, ya mayar da baƙar robar bamba ruwan toka, ya dusar da hasken wilin alminiyam. Ga kuma tsakin garin da bai gama narkewa ba, wanda ke maƙalewa a soso. Matan gida sun riga mu gane irin wannan: babu wadda za ta ɗauki sabuwar shadda mai maiƙo ta jiƙa ta a ruwan omo mai kauri ta dirje, domin ta san dattin zai fita, maiƙon ma zai bi shi.

Sai dai babban mai laifi a wurina ma ba omon ba ne, ƙura ce, da yadda muke taɓa ta. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, wurin da babu kamarsa a duniya wajen tayar da ƙura. A ido gari ne mai laushi. Amma a cikinsa akwai ɓarɓashin dutsen yashi, wanda a ma'aunin tauri na Mohs mai hawa 10 yake kan hawa na 7. Gilashi ma bai kai 6 ba, balle fenti. To ka duba abin da ke faruwa kowace safiya a ƙofar gidaje da tashoshi: direba ya zaro busasshen tsumma daga ƙarƙashin kujera, ya karkaɗe shi sau ɗaya, ya bi jikin mota yana zagayawa da hannu. A ganinsa kula yake yi da amanar da aka ba shi, kuma niyyarsa mai kyau ce. Amma kowane zagaye na hannun nan yana jan dubban ƙwayoyin yashi a kan shafin da bai kai kaurin takarda ba.

Wanda yake shakka, gani ya kori ji. Ya tsaya gefen baƙar mota ko shuɗiya da hantsi, ya kalli inda hasken rana ya faɗo a kan bonet. Zai ga zare-zare sirara sun kewaye hasken, da'ira cikin da'ira. Ba tsufa ne ya kawo su ba, sawun tsumma ne. Bokiti guda da ake tsoma soso a ciki tun daga taya har rufi shi ma aikin da yake yi ke nan: yashin da aka kwaso daga ƙasan ƙofa ya koma cikin ruwa, a sake kwaso shi a kai bonet. Kumfa mai yawa tana ɓoye wannan duka. Ido yana ganin fari tas, a ƙarƙashi kuwa karta ake yi.

Kada a fahimce ni a baibai, ba cewa nake yi sai mai kuɗin sayen kayan kanti ne zai wanke motarsa ba. Kayan gida suna yin aikin, in an san wanda za a ɗauka. Abu na farko ruwa ne, a watsa shi daga sama ya gangaro da ƙurar kafin hannu ya taɓa jiki. Na san ruwa ba banza ba ne a unguwar da sai an jira ɗan garuwa, amma buta biyu da aka kwarara a hankali sun fi amfani a nan fiye da rabin jarka da za a ƙarar wajen ɗauraye kumfar omo. Sai bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla da za a riƙa ɗauraye tsumma a ciki kafin a mayar da shi cikin sabulu. Sabulun kuwa, shamfun wanke kan jarirai ya wadatar, murfi biyu a bokiti, don ba shi da kaifi kuma yana sa tsumma ya riƙa sulɓi. Ruwan wanke kwanuka ya fi omo sauƙi, amma shi ma don yaƙi da maiƙo aka yi shi, saboda haka kada ya zama na kullum. Tsumma ya kasance mai laushi, tsohon tawul mai tsabta, a cire duk wani maɓalli ko zif. A fara daga rufi a gangaro, taya ce ƙarshe, kuma da nata tsumman daban. A can ne omo yake da gurbi: taya, da tabarmin roba na ƙafa bayan an fito da su waje. Nan kam a dirje son rai.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. A watan Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40, ƙarfen motar da ke tsaye a rana yakan wuce digiri 60. Ruwan da aka zuba masa kafin a juya ya bushe, ya bar gishirin da ke cikinsa. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da sinadarin farar ƙasa, shi ne fararen ɗigon nan da ke kama gilashi su ƙi fita. A yi wanki da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, a tsane da busasshen tawul tun ruwan bai sha iska ba. Ɗigon da ya riga ya kama gilashi, ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi yana narkar da shi.

Inuwar ma a duba wace iri ce. Gindin dalbejiya da mangwaro akwai sanyi, amma akwai tsuntsaye da jemagu, kashinsu kuwa yana da tsamin da ke cin fenti, musamman in rana ta gasa shi. Kada a kankare shi da farce. A jiƙa tsumma a ɗora a kai na 'yan mintuna, zai saki da kansa. Kwaltar da ta fallatsa a ƙasan ƙofa, ɗigon man gyaɗa yana tausasa ta, sai a share a bi da ruwan sabulu. Wannan ya fi a ɗauko fetur, wanda ban da haɗarin wuta yana busar da roba. Man birki kuwa, da wasu ke shafa wa taya don ta yi baƙi, kada ya kusanci mota ta waje ko kaɗan, domin yana ɗaye fenti. Fitilar gaba da ta yi rawaya, makilin da tsumma suna rage mata hazo, tunda murfinta roba ce kuma makilin yana da ɗan gari mai gogewa. Sai dai gyaran na ɗan lokaci ne, bayan watanni rawayar za ta dawo in ba a sake shafa mata abin kariya ba.

Cikin mota ne inda wannan imani da kumfa ya fi ba ni tsoro, don a nan maganar ta wuce kyau ta shiga lafiya. Na ga inda ake buɗe ƙofofi huɗu, a kwarara ruwan omo a kujeru da kafet, a dirje da burushi, a bar mota a rana a ce ta bushe. Sama ne kawai yake bushewa. A ƙarƙashin kafet akwai wani kauri mai kama da bargo wanda yake riƙe ruwa kwana da kwanaki, kuma a nan wayoyin mota suke bi. A motoci da yawa na'urar da ke sarrafa jakar iska ta kariya tana ƙasa tsakanin kujerun gaba, mahaɗan wayoyinta kuma suna ƙarƙashin kujera. Sai bayan makonni fitila ta kama a dashbod, ko wani wari ya tashi da damina, a yi ta zargin mai gyaran waya, ba wanda zai tuna ranar wanki. Garin gyaran gira an taɓa ido. Kujerar yadi ba ta buƙatar wanka. A fara bugun ƙurar a share, a kaɗa ɗan sabulu mai laushi, a ɗebi kumfar kawai da tsumma a goga, a bi da wani tsumman mai ɗanshi, a bar gilasai a sauke. Tsohon burushin haƙori yana shiga ramukan iska da kewayen giya. Wari kuwa, a barbaɗa bekin soda a kafet ya kwana a share, ko a ajiye gawayi a kwano ƙarƙashin kujera. Na ce gawayi, ban ce garwashi ba: kaskon turaren wuta a rufaffiyar mota haɗari ne ga kujera da numfashi duka.

Haka nan bilicin wanki. Kada ya taɓa bel ɗin kujera, domin yana raunana zarensa, kuma raunin ba ya nunawa sai ranar da ake buƙatar bel ɗin ya riƙe mutum. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi sun ishe shi, a ja shi waje a bar shi ya bushe sarai kafin ya koma gidansa. Kada kuma a kuskura a gauraya bilic da ruwan khal, don haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba, ga mota wuri ne ƙuntatacce.

Saura maiƙon da ake shafa wa dashbod. Na san daɗin da mai mota yake ji idan yaro ya miƙo masa makulli yana cewa, "Alhaji, duba ciki ka gani," ya leƙa ya tarar ko'ina yana walƙiya. Amma man da aka shafa, na gyaɗa ne ko basilin ko baƙin mai, kafin kwana biyu ya kama ƙura ya zama danƙo. Da tsakar rana kuma ƙyallin yana komawa jikin gilashin gaba ya kashe wa direba ido. Mafi muni shi ne idan hannun mai shafawa ya kai sitiyari, ko robar birki da totur da kuloci. Takalmin da ya zame daga kan birki sau ɗaya a cikin cunkoson Kano ya isa. Waɗannan wurare tsumma mai ɗan ɗanshi kawai suke so, a goge a bar su a bushe. Wanda yake kai motarsa wurin masu wanki, ya faɗa musu haka da bakinsa kafin ya ba da makulli, ya kuma tafi musu da nasa sabulun da tawul biyu. Yawancinsu abin da suka ga masu mota suna yabawa shi suke yi, kuma in an nuna musu dalili cikin mutunci suna karɓa.