Me ya sa iskar bakin teku a Basalona take sauya hali da kakar shekara?

Idan aka ce maka gidan mutum yana kallon teku, za ka ɗauka iskar da yake shaƙa tsaf take. Unguwar Barceloneta da ke birnin Basalona a Sifaniya ta nuna abin bai kai haka sauƙi ba. An kafa ta a 1753 a gaɓar Tekun Bahar Rum. A gefenta akwai tashar jiragen ruwa, babbar hanyar mota ta ratsa tsakaninta da tsohon gari, can bayan birnin kuma tsaunukan Collserola ne, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 512. Wato birnin a matse yake tsakanin ruwa da dutse, kuma kowace kaka da irin gurɓatar da take kawowa.

Da hunturu: murfi a kan tukunya

A yawancin lokaci iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama ɗumi, don haka takan tashi ta tafi da hayaƙi. Amma a daren hunturu da babu gajimare babu kaɗawar iska, ƙasa takan yi sanyi da sauri, sai iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta. Ka ɗauka faifai ne aka rufe tukunya da shi. Hayaƙin motoci, musamman masu shan dizal, ba shi da hanyar fita. A nan ne iskar nitrojin dayoksaid (NO2) da ƙananan ɓurɓushin da ido ba ya gani suke taruwa. Su ne ke tayar wa masu asma ciwo, suna kuma wahalar da masu ciwon zuciya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin NO2 na shekara ya wuce maikrogiram 10 a kowace kubik mita ta iska, alhali dokar Tarayyar Turai ta daɗe a kan 40.

Da bazara: rana ce ke dafa hayaƙin

Da rana tudu ya fi ruwa saurin ɗaukar zafi, sai iska ta riƙa kaɗowa daga teku zuwa cikin gari. Tana share titunan, amma ina take kai sharar? Tana bin kwarin kogin Besòs da ita zuwa arewa. A kan hanya zafin rana yana haɗa hayaƙin da tururin fetur da na fenti, su rikiɗe su zama ozon. Can sama ozon yana kare mu daga haskoki masu cutarwa. A ƙasa kuwa yana ƙona hanyoyin numfashi, yana lalata amfanin gona.

Abin mamakin shi ne, ozon ya fi yawa a filin Vic, yankin noma mai nisan kilomita kusan 60, fiye da tsakiyar Basalona. Dalili kuwa, sabon hayaƙin mota yana cinye ozon a inda cunkoso yake, sai an yi nisa da titi yake samun damar taruwa. Birni ya yi ɓarna, ƙauye ya shaƙa. Wani ɓangaren iskar ma yakan hau tsaunuka, ya koma saman teku, ya sauko, washegari ya sake shigowa gari.

Ƙurar Sahara

Wannan kam ka san ta. Hamadar da ke turo mana hazo daga Nuwamba zuwa Maris ita ce ke aika ƙura arewa, sai dai a yammacin Bahar Rum an fi ganinta a watanni masu zafi. Idan ta haɗu da hadari sai a yi ruwan taɓo, motoci su wayi gari jawur. A Maris 2022 ƙurar ta rufe sassa da yawa na Sifaniya har sama ta koma ruwan goro.

Me ake yi a kai?

Ba mai iya hana iska kaɗawa, amma ana iya rage abin da ake zuba mata. Tun Janairun 2020 Basalona ta taƙaita shigar tsofaffin motoci cikin birni a ranakun aiki. Daga 1 ga Mayun 2025 kuma, dole man jiragen da ke ratsa Bahar Rum kada sinadarin farar wuta da ke cikinsa ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, sai dai in jirgin yana da na'urar tace hayaƙi.

Don haka in ka ga an wallafa adadi guda na gurɓatar iskar wani gari, ka tambaya: a wane wata aka auna, da ƙarfe nawa, kuma a wace unguwa? Mai asma a Barceloneta ya fi bukatar kula da safiyar Janairu, manomin Vic kuma da la'asar ɗin Yuli.