Hell on Wheels: Kaboyi ya ajiye bindiga, 'yan kallo sun rabu biyu

Masu karatu, wanda bai kai ƙarshen fim ɗin nan ba ya wuce shafi na gaba, don yau zan fasa ƙwai.

Hell on Wheels fim ne mai dogon zango na kaboyi da tashar AMC ta Amurka ta nuna daga 2011 zuwa 2016. Labarin Cullen Bohannon ne (Anson Mount), tsohon sojan 'yan Kudu a yaƙin basasar Amurka, wanda ya shiga aikin shimfiɗa layin dogo don farautar waɗanda su ka kashe matar sa. Zango na biyar shi ne na ƙarshe, kashi 14 ne, amma sai aka raba shi biyu: bakwai a 2015, bakwai a 2016. Kusan shekara guda ana jira. Wannan kam jan rai ne!

A wannan zangon Bohannon ya riga ya bar kamfanin Union Pacific na uban gidan sa Durant, ya koma wajen abokan hamayya, Central Pacific. A nan ne fim ɗin ya fi burge ni, domin ya nuna 'yan Sin da su ka fasa duwatsun Siyera Nebada da nakiya cikin ƙanƙara, ana biyan su ƙasa da Turawa. Tarihi ne fa, ba ƙirƙira ba. Haka shimfiɗa mil 10 na dogo a yini ɗaya, ya faru a Afrilun 1869, kafin layukan biyu su haɗe a Promontory ta Yuta ran 10 ga Mayu. A cikin leburorin ne jarumin ya gamu da Mei (Angela Zhou), budurwar da ta yi shigar maza don ta samu aiki.

To sai batun bos. Tun zangon farko mu ke jiran ranar da Bohannon zai harbe Swede, mugun nan mai sanyin murya wanda Christopher Heyerdahl ya fito a matsayin sa. Da ya kama shi sai ya ƙi kashewa, ya ja shi har wurin sojoji, hukuma ta rataye shi. Masu son faɗan ƙarshe sun ji haushi. Ni ban ji ba. Mutumin da ya fara fim da kisa a cikin coci, yanzu ya kai maƙiyin sa gaban shari'a, ai labarin kenan. Inda na ga kuskure shi ne kashe bos tun a kashi na takwas. Shidan da su ka rage sun ɗan yi sanyi.

Kashin ƙarshe babu wani artabun bindiga. An kira Bohannon Washintan ya ba da shaida kan almundahanar Durant, ya ƙi tona shi. Shugaba Grant ya ba shi muƙami a soja don yaƙar Indiyawan daji, ya karɓa, daga baya ya ajiye. Sai ga shi a jirgin ruwa ya nufi Sin neman Mei. Ko ya same ta? Darakta bai nuna ba, kuma wallahi wannan ne ya tsaya mani a rai, don soyayyar ta zo a makare, ba a ba ta filin da zai sa mu yarda zai ƙetare teku saboda ita ba.